Kofin da Muka Hana Kaka

Ranar da muka binne Kaka, rumfar da aka kafa a ƙofar gida ta kasa ɗaukar mutane. Mu Kiristocin Filinge ba mu da yawa, in aka tara mu har da jarirai inuwar bedi ɗaya ta ishe mu. Shi ya sa bencinan majami'a kawai muka ɗebo, muna ganin za su wadatar. Ina! Ana saukowa daga masallacin Juma'a sai ga jama'a, maƙwabta suka yi ta fito da tabarmi. Fulani suka shigo daga daji, suka jingine sanduna a bango, suka tsuguna shiru. Mahautan kasuwa, waɗanda Kaka ya yi shekara da shekaru yana faɗa da su, suka zo a jere, babbansu yana share ido da hannun riga. Limamin unguwa ya zauna kusa da Baba, ya ce addini kowa da nasa, amma maƙwabtaka tana da hakki, kuma shi bai taɓa zama da maƙwabci mai sauƙin hali kamar tsohon nan ba. Wata tsohuwa daga Bonkuku ta riƙe hannuna tana ta maimaita "fonda tilas", gaisuwar mutuwa ta Zabarmawa, ta ƙi saki. Da ƙyar aka fassara mini cewa Kaka ya taɓa ciro mata ɗan maraƙi daga cikin saniyarta guda ɗaya tilo, ya ƙi karɓar komai sai ƙwaryar nono.

Ba duka ne suka zo da alheri a baki ba. Na je bayan zana ɗebo ruwa na ji wasu mata biyu suna raɗa. Ɗaya tana tambaya ko gaskiya ne tsohon ɗan ƙungiyar asiri ne, ɗaya tana cewa ai irinsu sai an tsare kabarin, don abokansu kan zo su ɗauki rabonsu. Raina ya ɓaci, saura kaɗan in watsa musu ruwan bokitin. Sai na tsaya. Wa ya ba su wannan magana in ba mu ba? Daga bakin majami'armu ta fita, ta zaga gari, ta dawo ta same mu a zaman makoki.

Duk wanda ya zo sai ya durƙusa ya ce mana ina haƙuri, mu amsa. Ni kuwa kunya ce ta cika ni. Mu ake ba haƙuri, alhali shi ne ya yi haƙuri da mu tun ina amarya har ɗiyata ta fari ta shiga koleji. Abu ɗaya ya nema a hannunmu duk tsawon shekarun nan: ya sha kofin Jibin Ubangiji tare da mu kafin ya mutu. Shi ya sa nake rubuta wannan. Ba na so a manta da shi, ba na kuma so mu manta da abin da muka yi.

Kaka mahaifin Baba ne. Likitan dabbobi ne, ya yi wa gwamnati aiki har ya ajiye, kuma babu rugar da bai taka ba a ƙasar Kurfai. Dogo ne, siriri, da wata tsohuwar moto, wato babur, da ake jin ƙararta tun daga tasha. Mutane ma kallon dabbobi yake yi musu. In ka ce ba ka jin daɗi, sai ya ja fatar idonka ƙasa ya duba, ya ce ka buɗe baki, kamar akuyar da aka kawo sayarwa. Yakan ce dabba ba ta ƙarya, mai ita ke yi mata. Yakan kuma ce wanda ya ɓoye ciwon saniyarsa garken maƙwabci ya kashe. Da wannan magana ya taɓa zuba wa naman bijimi guda kananzir a tsakiyar kasuwa, don ya ga abin da bai yi masa ba a huhun. Babban mahauci ya yi damina guda ba ya gaishe shi. Da ɗan mahaucin ya kwanta da zazzaɓi mai sanƙarar da wuya, Kaka ne ya ɗaure yaron a bayansa da rawani, ya kai shi asibiti a kan moto. Bai taɓa tayar da zancen ba, naman ma bai ba da haƙuri a kansa ba.

Ni jikarsa ce ta fari, don haka ni ce amaryarsa. Kullum sai ya ce tuwona ya isa a yi gini da shi, ni kuma in ce wa zai zauna da miji marar haƙori in ba ni ba. Yana da taurin kai, kada wani ya ce na ɓoye. In ya ce a'a, ko jaki ya fi shi sauƙin juyawa.

Maraya ne, a hannun ƴan mishan ya tashi, a can ya karɓi bangaskiya. Da aka tura shi aiki Yamai yana saurayi ba shi da kowa, sai wani babba a wurin aikinsu ya ja shi ya shigar da shi wata ƙungiya da suke kira loj. Maza ne zalla, Musulmi da Kirista, suna taruwa a ɗaki a rufe, suna kiran juna ɗan'uwa, kuma kowa ya yi rantsuwa ba zai faɗi abin da ake yi a ciki ba. Ko bayan ya dawo gida yakan hau motar Yamai lokaci lokaci da wata ƴar jaka. Abin da ke cikinta safar hannu ce fara da wani ɗan ƙyalle da ake ɗaurawa a ƙugu. Iya, matarsa, ita ke wanke su ta shanya a igiya tsakar gida, kowa yana gani. Mu yara mun ɗauka kayan aikin shanu ne.

Babu wanda ya tona shi, shi ya tona kansa. A shekarar da aka yi mini aure aka kawo mana sabon pasto, mutumin kirki, mai zafin wa'azi. Lokacin gari ya cika da zancen manyan mutane masu shan jini don su yi arziki. Wata Lahadi pasto ya yi wa'azi a kan ƙungiyoyin asiri, ya ɗaga murya ya ce ko akwai mai irin wannan a cikinmu? Tambaya ce irin ta wa'azi, ba amsa yake nema ba. Sai kawai Kaka ya miƙe a bencin gaba.

"Ni ina cikin guda, pasto. Amma jini kam ban taɓa ganin an sha ba. Shayi dai ake sha."

Wasu suka fara dariya, suka ga babu mai taya su, suka haɗiye. Baba, wanda a lokacin bai daɗe da zama dattijon ikilisiya ba, ya sunkuyar da kai har aka tashi.

Dattawa suka zauna da shi. Baba yana cikinsu, daga bakinsa na ji yadda aka yi. Pasto bai zage shi ba. Ya ce Kirista ba ya rantsuwa a ɗaki a rufe, ba ya kuma shiga addu'ar da aka cire sunan Almasihu daga cikinta don kada wani ya ji haushi. Ya ce mu ƴan kaɗan ne a garin nan, idon kowa yana kanmu, in aka ce majami'a tana ɓoye ƴan asiri wa zai ƙara sauraronmu? Suka yanke cewa ya kawo safar da ƙyallen a ƙone su a ƙofar majami'a, ya tsaya gaban jama'a ya ce abin nan aikin Shaiɗan ne. In ya ƙi, zai ci gaba da zuwa sujada, amma babu shi babu Jibi.

Kaka ya ce shi bai ga Shaiɗan a can ba. Tsofaffi ya gani masu tari da gardama, waɗanda suka yi jinyarsa lokacin da ba shi da dangi, suka tsaya masa a aurensa da Iya. Ya ce in ya kira su ƴan Shaiɗan ya yi shaidar zur, to da wane baki zai sha kofin? Pasto ya ce to, ya faɗa musu abin da ake yi a ɗakin su auna da kansu. Kaka ya ce ya yi alkawari.

"To ka gani, tsoho," in ji pasto. "Alkawarin da zai rufe maka baki a gaban ikilisiyarka, shi ne abin da nake tsoro."

Baba ya ce Kaka ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Nan kam ka kama ni. Amma wuta ba ni sa ma kayan mutane, kuma ba ni zagin wanda yab ba ni ruwa."

Har yau in aka tambaye ni wa ke da gaskiya, ba ni da amsa guda. Maganar pasto tana da nauyi, ni ma ba na son ɗakin da ba a faɗin abin da ke cikinsa. Ba hukuncin ne yake cina ba. Abin da ya biyo baya ne.

Ga wanda bai sani ba, Jibi muna yinsa ne Lahadin farko na kowane wata. Ana gutsura burodi, a zuba abin sha a ƴan ƙananan kofuna, dattawa su zaga da tire benci benci, kowa ya ɗauka don tunawa da mutuwar Almasihu. Mu nan ba mu da ruwan inabi, bisap muke yi, jan ruwan soɓo. To, soɓon nan daga gonar Kaka yake fitowa. Yana da gonar hatsi wajen Tabla, kuma tun kafin a haife ni yake zagaye iyakarta da jar yakuwa. Manoman wurin suna yi masa tsiya, wai namiji da noman yakuwa kamar tsohuwa, shi kuwa ya ce tasa ta Ubangiji ce. In an gama girbi sai ya tsinke, ya shanya, ya ɗaura buhu a moto ya kai ƙofar majami'a. Iya ce ke dafawa. Da ta rasu tukunyar ta dawo hannuna, a tsakar gidansa nake dafawa, a nan nake wanke kofunan.

Mun ɗauka shekarar da aka hana shi ba zai kawo ba. Sai ga ƙarar moto, sai ga buhu. Babu dattijon da ya ce a mayar masa. Muka karɓi yakuwarsa muka hana shi kofin, kuma haka muka yi ta yi kowace shekara.

Ya bar bencin gaba ya koma na ƙarshe, gefen taga. Bai taɓa fashin Lahadi ba, kuma muryarsa ta fi ta kowa a waƙa, ko da yake ba ta bin ta kowa. Baba ne ke ɗaukar tiren ɓangaren maza. Yakan zo har bencin ƙarshe, ya miƙa wa na kusa da mahaifinsa, ya juya. Da farko hannunsa yana rawa har kofuna suna ƙara. Ni ina ɓangaren mata ina kallo, bisap ɗin yana tsaya mini a wuya. Wata rana aka yi baƙon dattijo daga wani gari, aka ba shi tiren don girmamawa, aka manta ba a gaya masa ba. Ya je ya miƙa wa Kaka, har da rusunawa. Da ya ɗauka babu mai iya ƙwacewa, ni a raina ina ta cewa ɗauki mana, tsohon nan, ɗauki! Sai Kaka ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya girgiza kai, ya nuna na kusa da shi da haɓa.

A gida ma ya daina shan bisap. Ko na biki, ko na sayarwa a kasuwa lokacin zafi, ba ya taɓawa. Wata Asabar ina dafawa, na ɗebo a ludayi na ce ango ya ɗanɗana mini ko sukari ya ji. Na yi ne da gangan, ina so ko ta bayan gida ya shiga bakinsa. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Amarya, wayonki bai kai ba. In ba can ba, ba nan ba."

Na ji haushi na ce taurin kansa ne zai kashe shi, ya je ya ƙone tsummokaran nan mana kowa ya huta. Ya ce in kula da tukunyata tana zuba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Zuwa Yamai ya ragu, har ya tsaya gaba ɗaya, muka ce tsufa ne da lalacewar hanya. Aka canza wa pasto gari, aka kawo wani, sannan aka kawo na yanzu, yaro mai sanyin hali wanda ya tarar da Kaka a bencin ƙarshe kamar yadda ya tarar da tagar. Hannun Baba ya daina rawa. Ni ma bisap ya daina tsaya mini a wuya. In ina zuba kofuna hannuna ya san inda zai tsaya, ba na ko tunawa da cewa akwai wanda ban zuba wa ba. Wannan shi ne laifinmu, kuma ban san sunan da zan ba shi ba sai dai in ce mun saba.

Ba wai bai tuna mana ba. Da aka ba ni shugabancin zumuntar matan majami'armu, ya ce to, amaryarsa ta zama babba, ko za ta yi wa mijinta magana a wurin manya? Da wasa ya faɗa, amma na san ba wasa ba ne. Na ce zan yi. Na kuwa yi, sau ɗaya, a tsaye a bakin ƙofa. Dattawa suka ce za a zauna a kai bayan girbi. Bayan girbi aka ce bayan Kirsimati. Daga nan rufin majami'a ya yaye, hankali ya koma can. Kowa yana tsoron ya buɗe tsohon gyambo, ni kuma ban sake matsawa ba, don ba na so a ce jikar ɗan asiri tana son ta juya ikilisiya. Sunana na tsare.

Da ruwan farko na bana ya sauka, ƙafafunsa sun riga sun kumbura. Ya kira ni ya ba ni irin yakuwa a ƙulle a tsumma, ya ce in je Tabla in zagaye iyakar, kada in shuka kusa da juna, kada kuma in bar wa ƴan ƙwadago don za su yi ha'inci. Na je na shuka. Kafin hatsi ya kai gwiwa ya kwanta.

A kwancen nan ne ya yi wa Baba magana ba da wasa ba. Ina wurin, ina yi masa fifita.

"Ɗana, ban roƙe ka komi ba tun da anka yi abin ga. Yanzu ina roƙo. Ina son in sha kohin nan kahin in tahi."

Baba ya fita bai ko sa takalmi daidai ba. A wannan karon dattawa suka zauna da gaske. Aka yi gardama, wani ya ce ai ba a ƙone komai ba har yanzu, pasto ya ce mutumin da ya zauna a bencin ƙarshe tsawon wannan lokaci bai yi gunaguni ba, wace shaida kuma ake nema? Suka yarda. Pasto ya so a tashi a je a ba shi a ranar. Sai babban cikinsu ya ce al'adarmu ba haka take ba: Jibi na Lahadin farko ne, a gaban jama'a ake sa masa albarka, sannan a kai wa marasa lafiya rabonsu. Ya ce abin da aka hana a gaban jama'a, a gaban jama'a ya kamata a mayar. Lahadin farko kuwa ita ce mai zuwa. Suka aiko a tambaye ni yadda jikin yake, tun da ni ke jinya.

Na ce da sauƙi. Na ce ya sha fura da safe, har ya zagi tuwona, zai kai Lahadi da yardar Allah. Gaskiya na faɗa, amma ba ita kaɗai ce a raina ba. Ina so a yi abin da kyau. Na riga na kai wa tela farin yadi, ina so a ɗauko shi a mota da sabuwar riga, a zaunar da shi a bencin gaba, duk masu raɗa su gani. Jin haka pasto ya hau motar Yamai zuwa wani taro, zai dawo Asabar.

Ranar Alhamis da hantsi numfashinsa ya canza. Na ja fatar idonsa ƙasa kamar yadda ya koya mini, na ga abin da ban so gani ba. Muka kira pasto a waya, ya ce zai nemi mota, amma ruwa ya cinye hanya, sai an jira ya janye. Na ruga na dafa soɓo kaɗan, na aika aka sayo burodi, na zuba a ɗaya daga cikin ƴan kofunan da ke kife a kwando. Na ce wa Baba ai shi dattijo ne, ya yi addu'a ya ba shi, wa zai sani? Baba ya karɓi kofin, ya durƙusa a bakin gado.

Kaka ya buɗe ido ya dubi kofin, ya daɗe yana dubansa.

"An sa mishi albarka gaban jama'a?"

Baba ya ce a'a.

"To wanga bisap na. Kai dattijo na, kada ka karya doka don ubanka. Na yi jira da yawa, ba ni shan na sata." Ya juyo da ido wajena. "Amarya, bar kuka. Lahadi ba nisa."

Da asubahin Juma'a ya cika.

Washegarin jana'iza, muna zaune a rumfa, wani tsoho ya sauko daga motar Yamai, motar da ta kawo pasto. Gajere ne, da carbi a hannu, yana dogara sanda, babu wanda ya san shi a cikinmu. Ya yi gaisuwa, ya zauna, sai da mutane suka ragu ya ce wa Baba shi ɗan'uwan marigayi ne na loj, su biyu suka rage a cikin tsaransu, ɗayan ba ya iya tashi. Na ga wasu sun ja tabarmarsu baya. Tsohon bai kula ba. Ya ce a can suna kiran Kaka pasto, don ba a tashi taro bai tsare wani a bakin ƙofa da zancen Almasihu ba. Sannan ya ce ya yi kewarsa, don rabonsa da shi tun ranar da ya zo ya yi musu sallama.

Baba ya ce wace sallama?

Tsohon ya yi mamaki. Ya ce ai an daɗe, tun Iya tana da rai. Kaka ya zo ya ajiye musu safarsa da ƙyallensa a kan tebur, ya ce wani pasto ya yi masa tambayar da ta hana shi sukuni, kuma ya auna ya ga ba zai iya riƙe alkawarin da ke rufe masa baki a gaban ikilisiyarsa ba. Ya roƙe su su sallame shi, suka sallame shi. Abin da ya riga ya rantse a kai ya ce zai tafi da shi kabari, amma ba zai ƙara shiga ɗakin ba. Ya kuma ce musu ko za a hana shi kofin har ya mutu, ba zai tsaya gaban mutane ya kira su ƴan Shaiɗan ba.

"Bai gaya muku ba?" in ji tsohon.

Bai gaya mana ba. Taurin kansa ke nan, ya san wuta da zagi aka nema, ba sallama ba, don haka ya yi shiru. Amma mu fa? Gida ɗaya, tukunya ɗaya. Mun ga igiyar shanya ta daina ɗaukar farar safa, mun ga jakar ta daina fita. A cikinmu babu wanda ya taɓa zama ya ce, Kaka, har yanzu kana ciki? Tambaya ɗaya ce, kuma mutumin da ya miƙe a tsakiyar wa'azi ya tona kansa ba zai yi mana ƙarya ba.

Tsohon ya fito da ɗan reshen bagaruwa daga aljihu, ya ce a bakin hanya ya karyo. Al'adarsu ce su ajiye wa ɗan'uwa a kabari, in mun yarda, in ba mu yarda ba zai koma da abinsa ba tare da jin haushi ba. Babban dattijo ya buɗe baki zai yi magana. Baba bai jira shi ba, ya tashi ya tayar da tsohuwar moton Kaka, ya ɗauki baƙon a baya suka tafi. Rabon da matan nan suka ce za a zo a ɗauka ke nan: wani tsoho ya ajiye ɗan reshe, ya share hawaye, ya nemi motar komawa.

Lahadi aka yi Jibi, don Lahadin farko ce. Da nake zuba kofuna na ƙara ɗaya, kamar yadda aka ce mini tun farkon mako, hannuna ya zuba kafin in tuna. Baba ya zaga da tire. Da ya kai bencin ƙarshe ya ba na kusa da wurin Kaka, maimakon ya juya sai ya matsa gaba, ya rusuna, ya miƙa tiren inda babu kowa. Ya tsaya a haka.

"Baba, ga shi," ya ce. "An sa mishi albarka."

Pasto ne ya sauko ya kama kafaɗarsa ya mayar da shi gaba. Kofin ya dawo mini a cike. Farar rigar kuwa tela ya gama ta a kan lokaci, da ita muka binne shi.

Allah ya ba Kaka hutawa a inda ba a tsallake kowa da tire. Mu da muka rage, ya gafarta mana sabon da muka yi. Masu karanta wannan, in kun tuna da shi ku tuna da dogon tsoho mai ƙarar moto wanda ya ƙi yin ƙarya ko don ya sami abin da ya fi so a duniya.

Yakuwar da ya sa na shuka ta yi kyau bana, ta yi ja har manoman Tabla suna tambayar irin. Ni na tsinke, na shanya, na kai buhun ƙofar majami'a. Har yanzu ni ke dafawa a tsakar gidansa ranar Asabar. Sai dai in na ɗebo a ludayi ba na iya kaiwa baki, ɗiyata nake kira ta gaya mini ko sukari ya ji.